Kawu Manniru Ya Samu Wanda Ya San X

Kawuna Manniru, ƙanen mahaifiyata, ya shekara goma sha tara yana masinja a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, amma in ka ga shigarsa da safe sai ka rantse shi ne babban sakatare. Daga unguwar Dutse Alhaji yake hawo bas, hula a karkace, biro uku a aljihu, alhali ban taɓa ganin ya rubuta abin da ya wuce sunansa ba. Iliminsa ɗaya ne a duniya: ya san wanda ya san wani. Fayil ya ɓace, ya san wanda za a gani. Ana rabon filaye, ya san wanda za a gani. Lokacin farar hula sun dawo mulki, gari ya cika da gine-gine da sababbin motoci, kowa na ganin wani, Kawu kuwa ya ɗauka haka Allah Ya yi duniya.

Kwatsam aka ce za a rage ƙananan ma'aikata. Za a yi jarrabawar Turanci da lissafi, wanda ya ci ya zauna, wanda ya faɗi ya tattara nasa ya nasa. Kawu na da 'ya'ya shida, ga gidan haya. Inna ta roƙe ni in koya masa, tunda ni malamar lissafi ce. Don ita na yarda.

Ranar farko na rubuta masa 3x + 5 = 20. Ya dubi takardar a yatsine.

"Lubna, shi wannan x ɗin nawa ne?"

"Shi za mu nemo, Kawu."

"Ke da kike malama ba ki sani ba? To wa ya sani?"

Na haɗiye takaici, na ce ya ɗauka sikelin mahauci ne: abin da ka cire a wannan gefe, ka cire a wancan. Cire biyar nan da can, saura 3x = 15. Raba kowane gefe gida uku, x ya zama biyar. Ya gyaɗa kai. Na ba shi wani daban, ko karantawa bai yi ba ya rubuta biyar. Wai ai mun riga mun gano shi, me ya kawo sabuwar wahala?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin ba daƙiƙi ba ne. A mako na uku da kansa yake cirewa yana rabawa, ba kuskure. Daga nan sai ya ɗauke ƙafa. Na bi shi gida, na tarar da shi ya miƙe ƙafa yana shan shayi.

"Na samu wanda ya san x," in ji shi. "Oga Bernard na ofishin sama. Da idonsa ya ga takardar jarrabawar. Ki huta, 'yata."

Ya nuna mini jerin amsoshi a bayan wani ambulan. Na ce to, ko ba komai ranar ya riƙa mayar da kowace amsa cikin lissafin, ya ga ko gefe biyun sun daidaita. Ya ce ni yarinya ce, ban san Abuja ba.

Da sakamako ya fito, sunansa na cikin waɗanda aka sallama. Maki biyu kacal suka hana shi ci. Ya zo gidanmu ya zauna a tabarma, Inna na gefe tana share hawaye. Haushi ya hana ni jajanta masa, sai na tambaye shi ko tambayoyin sun yi tsauri.

"Ko kaɗan. Irin naki ne. Tambayoyi biyar ne na lissafi, duka na yi su. Na farko 4x − 3 = 21, na samu shida. Oga Bernard kuma tara ya rubuta."

"Ai shidan ne, Kawu!"

"Na sani. Na mayar na gwada yadda kika ce, ya daidaita." Ya shiga murza gefen tabarmar. "Amma shi a sama yake, Lubna. Sai na soke nawa."