Telan da Na Sallama Gida

Akwai ranar da ba ta fita raina, a shekarar da korona ta shigo Yamai. Lokacin ina mataimakin jinya a wata ƙaramar likita, wato ɗan asibiti, ta unguwar Yantala. Karatuna bai yi nisa ba, don haka majo, wato shugaban masu jinya, ya ajiye ni a ƙofa. Aikina in auna zafin jiki, in maƙala wa mutum ƴar na'urar yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, sannan in ware wanda zai ga lokotoro, wato dokta, da wanda za a ba magani ya koma gida.

An gaya mana cutar tsofaffi take kayarwa. Wannan ya zo daidai da tarbiyyata, sai na riƙe shi fiye da yadda aka faɗa. In na ga furfura, gaba. In na ga saurayi, ya jira.

Ran nan da hantsi wani tela mai suna Isufu ya zo. Bai fi shekara talatin da ƴan kai ba, ƙato ne mai teɓa, fata tana sheƙi. Ya ce mako guda ke nan yana zazzaɓi da tari. Duk tsohon da ya shigo sai ya tashi ya ba shi benci, ya jingina da bango. Da na auna shi a zaune, lambar ba ta tayar mini da hankali ba.

Na ce, “Kai da wannan jiki? Tuwo ne ya yi maka yawa. Karɓi maganin zazzaɓi ka je ka kwanta.”

Ya yi dariya, ya ce, “To, babban yaya.”

Yana kan hanyar fita lokotoronmu, Madam Hadiza, ta dawo daga ɗakin awo. Ta san shi, shi ke yi mata ɗinki. Ta tsaya suka gaisa: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina aiki. Ni ban ji komai ba. Ita kuwa ta ji yana yanke amsa, yana jan numfashi tsakanin “lafiya” da “lau”.

Ta ce, “Isufu, je ka taɓa ƙofar waje ka dawo.”

“Madam, ɗinkin biki na bari a kan keke.”

“Amarya ta sa tsohon zane. Je ka.”

Da ya dawo ta ce in sake aunawa. Lambar ta faɗi ƙasa sosai, kafaɗunsa na hawa da sauka, amma yana ta cewa da sauƙi. Ta sa aka duba jininsa, aka tarar da ciwon suga wanda shi kansa bai san da shi ba. Nan take ta kira ambilans zuwa babban asibiti.

Na tsaya ina jiran ta tsige ni a gaban jama'a. Ba ta yi ba. Sai da layi ya ƙare ta kira ni ofis, ta ce, “Malam Sani, tsoho in ya ji jiki yana faɗa. Saurayi ƙarfinsa ke rufe ciwon, har ranar da ƙarfin zai ƙare gaba ɗaya. Ka dubi ƙiba, ka tambayi suga da hawan jini, ka saurari numfashi in yana magana. Kuma shiga mako na biyu ne abin tsoro.”

Haka aka yi. Ba a jima ba ciwon ya taso wa Isufu da ƙarfi, amma ya same shi a gadon asibiti, da tiyon iska a hanci. Da a ɗakinsa ya same shi, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Bayan ya warke ya zo yi mana godiya, ya rame, riga na yi masa yawa. Ya kama hannuna yana sa albarka. Na ce, “Ni ne fa na kore ka gida.”

Ya ce, “Babban yaya, ni ma gidan nake so. Madam ce ta fi mu taurin kai.”

Na gode wa Allah da ya kawo ta a daidai lokacin, na gode mata da ta koya mini ba tare da ta wulaƙanta ni ba. Ku sababbin da ake sawa a ƙofa, ku ba tsoho wurin zama, haƙƙinsa ne. Amma kafin ku sallami saurayi, ku sa shi ya taka, ku sake aunawa.