Gwaggo da Ɓeran da Jini Bai Ishe Shi Ba

Gwaggona kiwon ɓeraye take yi a ɗakin bincike na wata jami'a. Ita ke zuba musu abinci, ita ke share keji. In dangi suka tsokane ta, sai ta ce ɓerayenta sun fi 'ya'yan wasu tsafta.

Ɓerayen an haife su ne da tawaya a ƙwayar halittarsu. Shugabarta, wadda kowa ke kira Dokta, tana son gano yadda tawayar ke hana saifa samar da ƙwayoyin jini. Don haka in ɓera ya girma sai a yanka shi, a ciro saifar a duba. Abincinsu ma a gwade yake, ba ƙari ba ragi.

Gwaggo ba ta taɓa damuwa ba, sai da aka kawo wani ramamme, kunnuwansa fari fat. Tausayi ya kama ta, ta sa masa suna Auta.

"Yaron nan ba jini," ta ce min, kamar ɗanta ne ke kwance a asibiti.

Sai ta fara shiga da dafaffiyar hanta a ƙulle cikin leda. Auta ya murmure, ya yi ɓulɓul, har yana ture 'yan uwansa. Dokta kuwa murna kamar ta taka rawa, ta tara abokan aiki su zo su ga ɓeran da ya warkar da kansa. A gabansu ta ɗaga shi, sai ga guntun hanta a ƙarƙashinsa.

"Inna, mene ne wannan?"

"Hanta ce, ranki ya daɗe. Ban sa yaji ba."

"Kin ɓata min shi! Saifarsa ba ta da sauran amfani."

"Wato ba za a yanka shi ba?"

"A yanka shi a yi me da shi?"

Gwaggo ta saki hamdala da ƙarfi. Wannan hamdalar ce ta sa aka mayar da ita wankin kwalabe, amma an bar mata Auta ta tafi da shi gida.

A can ya tsufa ya mutu, Gwaggo ta yi kuka sosai, ni ma na ɗan share ƙwalla. Da Dokta ta ji, ta same ta a wurin wanki.

"Sannu da haƙuri, Inna. Ko za ki ba ni shi in ɗan leƙa saifar?"

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na riga na binne shi. Ya tafi da abarsa."