Langar Madam

Shekarar da Ista, bikin Kirista, ta faɗo cikin azumi muna zaune a gidan haya a Kakuri, maigidana bai daɗe da samun aiki a sabuwar masaƙa ba. Ɗakin da ke kallon namu na wata Ibo ce, matar makanike, kowa Madam yake ce mata. Ranar bikinsu ta aiko mana shinkafa gab da shan ruwa, da kifi, don ta san ba ma cin yankansu. A langarta mai furanni ta zubo. Ni kuwa na wanke langa na ajiye, tunda ba a mayar da kwano wayam. Na ce ranar Sallah za ta koma cike da tuwo.

A watan Sha'aban na wannan shekarar innata ta rasu a ƙauyenmu. Cikin azumi na daure, aiki ya sha kaina. Amma da aka ce an ga wata, sai jikina ya mutu. Inna ce take min kitson Sallah tun ina yarinya, tana ja tana faɗa wai kaina kamar sheƙar tsuntsu. Yanzu ga kan ya cukurkuɗe, babu mai faɗan.

Da safe maigidana ya sa sabuwar rigarsa, ya dube ni a kwance ya ce, “Ki yi haƙuri mana.” Ya tafi idi, daga can zai wuce gaishe-gaishe Tudun Wada. Haƙuri, kamar a kasuwa ake sayo shi. Haushinsa na ji, na ji haushin matan gidan da ke ta daka suna shewa, sannan na ji kunyar Allah, ranar da Musulmi ke murna ni ina kwance ko wanka ban yi ba. Murhuna babu wuta. Abin da na fi tsoro shi ne matan nan su gane, don kafin la'asar labarin ya kai Makera, a ce 'yar ƙauyen nan ba ta da tawakkali, ko tuwon Sallah ta kasa.

Wajen azahar Madam ta ɗaga labule. “Amarya, barka da Sallah. Ina tuwona?”

Da dariya ta shigo, sai ta tsaya tana duba ɗakin. Ta ga kaina, ta ga zanen jiya a jikina, ta ga langarta a kife a kan akwati. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

“Madam, ban dafa komai ba,” na ce. “Inna nake tunawa.”

Ba ta ce min in yi haƙuri ba, Allah ya saka mata. Ta ce ita ma Kirsimetin farko bayan rasuwar uwarta a ƙasa ta wuni. “Amma fara da wanka,” in ji ta. “Ki shafa mai, ki yi sallarki. Sauran ya jira.”

Sai ta ɗauki langar ta rufe, ta naɗe hannunta da gefen zane kamar abin zai ƙona ta, ta fita tsakar gida tana takawa a hankali. Ina jin ta tana ce wa matan, “Ku ba ni hanya, tuwon Amarya da zafi.”

Kuka na yi sosai, na kunya. Da ya lafa na ɗebi ruwa na yi wanka, na shafa man shanu a kai na taje shi da kaina, har ina jin muryar Inna. Na sa kwalli, na ɗaura zanen Sallah. Na yi azahar, na daɗe a zaune ina roƙa mata gafara, ni kuma na roƙi Allah ya sassauta min. Baƙin cikin bai tafi ba, amma na iya hura wuta.

Bayan la'asar tuwo ya nuna, miyar taushe ta yi. Sai na ga ba ni da abin kai mata. Dole na je ƙofarta, kaina a ƙasa, na ce, “Madam, ara min langar.”

Ta miƙo min ita a gaban matan gidan, tana cewa ashe har da ƙari. Da na karɓa sai na ji ta da danshi. Ashe har wanke ta ta yi.