Baba Bang, Har a Gidan Makokinka Ba Su Yi Shiru Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, ina gyaran kifi a kasuwar bakin teku ta Mokpo, 'yarka Mi-ok ta kira ni ta ce Ubangiji ya ɗauke ka. Baba Bang Deok-su, dattijon ikkilisiyarmu, ciwon hanta ya ci ƙarfinka bayan doguwar jinya.

Na so in yi maka ban kwana da sanyin zuciya. Na kasa.

Lokacin da na haifi ɗana Tae-ho, likita ya ce ba zai taɓa ji ba. Matan zumunta suka zo barka, wata, matar mai shagon takalma, ta dafa ni ta ce, "Ƙanwata, binciki kanki, akwai zunubin da ba ki tuba ba." Na daina zuwa sujada. Kai ne ka hau tudun unguwarmu da tukunyar miyar ganyen teku da uwargidanka ta dafa. Ka buɗe mini Littafi Mai Tsarki inda aka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho. Ka ce, "'Yata, Yesu ya ce ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. To wa ya fi sani, shi ko matar mai shagon takalma? Tashi ki ci abinci." Na yi dariya, hawaye na zuba.

Da furfurarka ka koyi maganar kurame saboda yaron nan, har ka riƙa tsayawa gefen bagade kana fassara masa wa'azi da hannu. Ka koya mana cewa Allah ya halicci duniya da kyau, zunubi ya ɓata ta, Almasihu kuma ya shigo cikin wahalarmu, bai tsaya daga nesa ba. Da aka fara yi mana wa'azin cewa mai bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, ka miƙe ka nemi a nuna maka ayar. Ba a nuna ba, sai dai aka karɓe ajin nazarin Littafi Mai Tsarki daga hannunka. Muna zaune, ba wanda ya tsaya maka.

Jiya a ɗakin makoki, gaban hotonka da fararen furanni, na ji wani dikon yana raɗa: "Da bangaskiyarsa ta cika, ai da ya warke." Bakinsa cike da shinkafar makokinka! Na ce masa, "Yallaɓai, Bulus ma ya roƙa a cire masa ƙaya, ba a cire ba." Ya ce in bar maganar manya.

Baba, Ubangiji ya ji ƙanka, ya hutar da kai har ranar tashin matattu. Ya ta'azantar da uwargidanka Mama Yeo Sun-rye, da Mi-ok, da jikokinka. Mu da muka rage kuwa, ya sa mu buɗe Littafin da muke yawo da shi a hammata. Amin.