Wuƙar Kawu da Bunsurun Buronya

Abin da ya kai ni Accra a watan Disamba shi ne in ga Kirsimeti ba tare da na taɓa aljihuna ba. Kowa a Sakkwato ya san halina: in na kashe naira sai na yi mata zaman makoki, in kuma na ga kyanwa a hanya sai in dawo gida in ce zaki na gani. Taubashiyata, 'yar kawuna, ita ta haɗa mini tafiyar.

"Bawana," ta ce, "ga masauki kyauta a unguwar Nima, ɗakin Baba. Je ka cika idonka da bikinsu. Amma ka duba mini shi. An ce hannunsa ya fara rawa. In ba zai iya zama shi kaɗai ba, gida zai dawo, ko yana so ko ba ya so."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni ne babban likitan hannu na Afirka ta Yamma.

Kawu ya shiga Accra tun yana saurayi. Can ya sayar da huluna da carbi a bakin masallaci har gemunsa ya yi fari, can ya binne matarsa. Ranar da na sauka a tashar Tudu shi da kansa ya zo tarbata, hannun dama a cikin aljihu. Da hagu ya karɓi jakata. Na gani, na kau da kai, na shiga ba shi labarin yadda motarmu ta tsallake kogi ba gada.

Biki kam na sha shi a arha. Buronya suke kiran Kirsimeti a can. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake a ganye, sauran yawon duk a ƙafa, har takalmina ya fara neman saki. A unguwar Osu na ga wani bawan Allah cikin jajayen kaya da gemun auduga, gumi na zuba daga jikinsa kamar an kunna famfo. Na bi 'yan badujala da masu rufe fuska daga wannan titi zuwa wancan, kuma duk lokacin da gwangwanin neman kuɗi ya nufo ni sai in duƙa gyaran takalmi. Bakin teku kuwa da aka ce sai an biya a ƙofa, na zagaya ta wajen masunta na leƙa. Rabin teku na gani, amma kyauta.

Sai dai duk safiya akwai kofin koko. Kawu yakan riƙe shi da hannu biyu, duk da haka sai ya ɗiga a gaban rigarsa. Ya ce mai kokon ce ke cika kofi da yawa. Na ce lallai, ya kamata a kai ta kotu. Muka yi dariya, kowa na kallon wani wajen.

A bayan ɗakinsa akwai wata tsohuwa Kirista 'yar ƙabilar Ga, wadda duk unguwa ke kira Anti. Aminiyar marigayiya matar Kawu ce. Duk Buronya takan sayi bunsuru, ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta, kuma don Musulmi su ci da kwanciyar hankali, Kawu ne ke yi mata yanka. Tun kafin a haifi taubashiyata ake haka. Wuƙar ma daban take, a naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin katifa, ba ta fita sai ranar.

Da safiyar Kirsimeti, kafin a tafi coci, Anti ta leƙo.

"Malam, afishapa! Akuya ya shirya, kai yake jira."

Haka Hausarsu take a can, akuya ma namiji ne. Afishapa kuma barka da shekara ke nan. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ne baƙo mai tafiya da ƙafa? Zo ka riƙe akuya, yau za ka ci nama ba ka biya ba."

Tsakar gidan ta cika da jikoki da 'yan haya, wasu da kayan coci, wasu da hula. Kawu ya sa aka ba bunsurun ruwa. Ya haƙa ɗan rami da ƙafa, ya nuna mini alƙibla, na kayar da dabbar na danne ƙafafu. Ina ta zuba, ina cewa a Sakkwato da yatsa biyu nake kayar da raƙumi. Yara na dariya. Ni kuwa idona na kan aljihun nan.

Ya fito da hannun. Ya karɓi wuƙa, ya durƙusa, ya kama haɓar bunsurun da hagu. Wuƙar ta shiga kaɗawa kamar ganye a iska. Ya ɗaga, ya sauke. Ya dafe gwiwar hannun da cinyarsa, rawar ta ƙi tsayawa. Bakin ƙarfen na taɓa gashin wuyan dabbar yana janyewa, ita kuma tana ta numfashi a ƙarƙashina. Dariyar yara ta ɗauke.

"Wannan dabba ba ta yi mini laifin komai ba," in ji Kawu a hankali. "Ba zan wahalar da ita ba. Karɓi."

Na karɓa, na yi bisimilla na yanka. Anti ta juya baya, wai hayaƙin murhu ne ya shiga idonta. Ba a ma hura wutar ba tukuna.

Bayan la'asar aka kawo mana kwano shaƙe da shinkafa, ga wuyan bunsuru a sama, rabon mai yanka. Naman da na yi ta mafarki tun daga Sakkwato ke nan, amma sai juya shi nake yi a kwano. Kawu bai ko wanke hannu ba.

"Me za ka gaya mata?" ya ce.

"Kawu, bar ni da ita. Wannan fagena ne."

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Na gyara murya.

"Baiwata! Baba garau yake. Yau da idona na ga ya yanka bunsuru."



"Bunsuru ka ce?"

"Bunsuru, wallahi har..."

"Kar ka rantse. Na san ka tun muna wasan ƙasa. Da Baba ya yanka bunsuru, da bijimi za ka ce mini, mai ƙaho kamar tukunya. Tunda ka tsaya a bunsuru, ko kaza bai taɓa ba." Muryarta ta karye. "Ba ni shi."

Kawu ya karɓi wayar da hagu. Ba na jin abin da take faɗa. Shi dai "to" yake cewa, sai ya ce kabarin mahaifiyarki fa, sai ya sake cewa "to." A waje yara na ta fasa abin wasan wuta, a wani gida kuma an ƙure kiɗa.

Ranar da za mu taso, ya wanke wuƙar, ya naɗe ta cikin tsummanta, ya kai wa Anti. Ya ce baɗi ta ba duk wanda ta yarda da hannunsa a unguwa.

"Ni ba wuƙa nake so ba, Malam," ta ce. Amma ta karɓa, ta ɗaure a gefen zane.

A Tudu na sayi kujera biyu, ban ko nemi ragi ba. Kawu ya ce in bar masa ta bakin taga.