Mai Agogo da Teburin da Aka Ɗauke wa Allo

Mai Agogo ake ce masa har yau, ko da yake an daɗe rabon da wani ya miƙo masa agogo. Tun yana saurayi yake zaune a ɗan shagon da ke jikin gidansa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Da waya ta shiga hannun kowa, sai sana'ar ta mutu a tsaye. Abokan aikinsa suka watse, wani ya koma gadi, wani ya koma gida ya naɗe hannu. Shi kuwa ya sayo tsohuwar kwamfuta, ya ɗora ta inda agogunan suke, ya ce zai koyi gina shafukan yanar gizo. Aka yi ta yi masa dariya, don a lokacin furfura ta riga ta cinye gemunsa.

Bai fasa ba. Darussan kyauta ya bi a intanet, yana maimaita kowanne har ya zauna masa. Ya kan ce shafi ma agogo ne, ka manta ɗigo ɗaya, komai ya tsaya cak. Ya tara kayan aiki kamar yadda ya saba jera sukundirebobinsa. Akwai manhajar da yake rubuta umarni a ciki, wadda ke nuna masa layin da ya yi kuskure. Akwai ma'ajiyar da ke riƙe kowane mataki na aiki, in ya ɓata na yau ya koma na jiya. Da su ya yi wa mai gidan burodi shafi, ya yi wa makarantar koyon tuƙi. Masu dariya suka yi shiru.

Sai ido ya fara tafiya. Likita ya ce jijiyar ce, ba ta dawowa, ya rage kallon hasken allo. Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, Uwata yake ce mata, kuma ita ma ba a juya ta. Ta ce a rufe shago, shi da mahaifiyarta su koma gidanta, akwai kujera mai laushi da rediyo.

"Kujera kika tanadar mini? Gawa ce ni?"

"Baba, ɗan ganin da ya rage nake so in tsare maka."

"Ki tsare shi in kalli bango da shi? Shafin wani tela na hannuna, na yi masa alkawari."

Wata rana ya je aski, da ya dawo ya shafa tebur ya ji wayam. Allon kwamfutar babu, sai igiyarsa tana lilo.

"Ni dai ba ni na ɗauka ba, Malam," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ƙofa kawai na riƙe mata."

Bai yi faɗa ba. Abin da ba su sani ba, tun da haruffa suka fara narke masa ya saka wata manhaja mai karanta duk abin da ke kan allo da murya. Girman kai ne ya hana shi dogara da ita. Ranar ya ajiye girman kan, ya jona ƙaramar lasifika, ya kunna.

Ya sha wuya, ba a magana. Muryar ba ta tsallake ko waƙafi, sai ya ɓata a tsakiyar aikin da shi ya rubuta da hannunsa. Akwai ranar da ya goge rabin shafin tela bai ankara ba, ma'ajiyar nan ce ta dawo masa da shi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana kanga agogo a kunne don ya gane inda ciwo yake, sauraro ba baƙonsa ba ne. A hankali ya ƙara wa muryar sauri, har matarsa ta ce ya tara aljanu a shago suna gardama.

Ranar da 'yar ta zo da mota da jakunkunan kwasar kaya, tun daga titi ta ji surutun. Ta leƙa. Ga shi zaune gaban tebur babu allo, yatsunsa na gudu a kan madannai.

"Baba! Me kake yi haka?"

"Aiki. Allo kika ɗauke, Uwata. Kunnen da yatsun nawa ne, sai dai ki kawo wuƙa." Ya faɗa mata adireshin shafin. "Buɗe a wayarki, tunda ke ce mai ido."

Ta buɗe rai a ɓace. Ga sunan tela, ga hotunan ɗinki a jere, duk inda ta taɓa yana amsawa. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Rubutu ruwan ɗorawa a kan fari? Baba, ko ni ba na gani! Kuma rigar nan a kife take."

"To, muryar ba ta san kala ba. Ke da kika sani, ja kujera."

Ta dubi motar, ta dube shi. Ta ja kujerar, tana mita. Shuɗi ta zaɓa, ya ce shuɗi kalar asibiti ce, suka yi ta yi har suka tsaya a kan baƙi.

Jakunkunan sun koma yadda suka zo. Allon yana gidanta har yanzu, ba ta dawo da shi ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Duk shafin da ya gama, sai ta biyo daga wurin aiki ta duba kala, su yi faɗansu, ta wuce.