Ranar da Gwaggo ta Wanke Kujerar Jariri

Ko zan manta komai na haihuwata ta fari, ba zan manta ranar da Gwaggo ta wanke kujerar motar ɗana ba. Yaron yanzu har ya shiga firamare, amma da na ji warin kalanzir sai ranar ta faɗo mini.

Ina wankan jego ne a gidanmu na Fagge, wajen Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta riƙe ni tun ina ƙarama. Maigidana a Kaduna yake aiki, an kuma tsayar cewa washegarin arba'in zai zo ya ɗauke mu. Hanyar ce ta tsaya mini a rai. Na san irin gudun da ake yi a kanta, ga jariri ko wuyansa bai tsaya ba.

Wata ƙawata da muke koyarwa tare, haifaffiyar Sabon Gari, iyayenta 'yan kudu amma tana jin Hausa kamar jakin Kano, ita ta kawo mini kujerar da ta yi wa 'yarta kaɗan. Sabuwa ta saye ta, ba ta kuma taɓa shiga hatsari ba. Ta kifa ta a tsakar ɗaki ta ce, "Maijego, bar kallon kyan kala, nan za ki duba." Ta nuna mini wata takarda ruwan lemo da aka manna, mai harafin E a cikin da'ira, shaidar cewa an gwada irin kujerar ta kuma ci gwajin. A jiki an rubuta nauyin yaron da za ta ɗauka. Gefe guda ga shekarar da aka ƙera ta, ga zanen yadda ake ratsa bel ɗin mota a ɗaure ta tana kallon baya. Ranar na yi barci da sakakkiyar zuciya.

Ranar arba'in na fita yawon gaida dangi. Daga Rijiyar Lemo zuwa cikin gari, gida gida, kowa sai ya ɗauki yaro ya ce da wane yake kama. La'asar sakaliya na dawo, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ina shiga na ga kujera a rana tana ƙyalli. Gwaggo ta kankare duk takardun da kalanzir, igiyoyin da ke riƙe yaro kuwa ta jiƙa su a ruwan bilic tun hantsi.

"Kin ga yadda ta fito?" ta ce tana murmushi. "Da sai dangin mijinki su ce da kayan kwance muka sallame ki."

Ban san lokacin da na zauna a bakin rijiya ba. Ga haushi, ga gajiya, ga hannayenta duk sun yi fari sun tsattsage saboda ni. Wa zan yi wa faɗa? Na kira ƙawata ina kuka. Ta ce takardun da sauƙi tunda ta san kujerar, amma igiyar da ta wuni a bilic ba a ƙara yarda da ita, tana iya tsinkewa ranar da ake buƙatarta. Maigida kuwa a waya cewa ya yi, "Haba, ki rungume shi mana. Mu da wace kujera aka raine mu?" Gwaggo tana ji. Da safe ta yafa mayafi ta ce in tashi mu tafi kasuwa, maigida ya jira.

Kasuwar Sabon Gari ta ba mu wahala ranar. Kujeru ga su nan rututu, masu kyau kamar ka lashe, amma ka juya gindi babu komai sai hoton jariri yana dariya. Wani ya ce, "Hajiya, 'yar waje ce, takarda me za ta ƙara miki?" Wani kuma ko kunya babu ya ce in takarda nake so zai ɓamɓaro ta wata ya manna mini. Na gwanjo suna da shaidar, sai dai wata ta tsufa robar har ta yi fari, wata kuma babu wanda ya san abin da ta gani kafin ta iso Kano. Gwaggo da ba ta yi boko ba ta haddace harafin nan, kowane shago ita ke fara kifa kujera.

Bayan azahar na gaji liƙis. Goyo ya jiƙe mini baya, nono ya cika. Na ce, "Gwaggo, mu haƙura. Zan riƙe shi da kyau, Allah zai tsare."

Ta samu benci ta zauna. Sannan ta ce, "Ni ma da kyau na riƙe nawa. Hanyar Zariya, ina dawowa daga wanka kamar ke. Direba ya taka birki, sai na ga hannuna babu kowa."

Na girma a ɗakinta ina zaton Allah bai taɓa ba ta haihuwa ba. Babu wanda ya taɓa gaya mini. Ta share fuska da gefen mayafi ta miƙe ta ce, "Saura layin can."

Sai washegari muka samu sabuwa mai cikakkiyar shaida, a wani shago da ƙawata ta raka mu. Maigida ya yi ta mita kan aikin da ya bari. Da za mu tashi, Gwaggo ce ta leƙo ta taga ta ja igiyoyin da hannunta ta ji sun kama, sannan ta yi mana addu'a.

Abin da na koya shi ne, abin da zai tsare rai ba a kyansa ake gane shi ba, sai an juya an duba shaidarsa. Kuma son da uwa ke yi wa ɗanta bai sa hannunta ya fi ƙarfin birki ba. Ɗan Gwaggo bai rasa so ba.